Tambaya: Ta ina baligi zai faro nahawun Turanci?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa na wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Na jima ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, sai yau da larura ta kama ni, na ga gara in fito in yi tambaya, tunda an ce matambayi ba ya ɓata.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma shekaruna 34. Bayan na gama sakandare na zauna jarrabawar WAEC har sau biyu, karon farko na fito da F9 a Turanci, karo na biyu da D7, alhali kuwa lissafi da sauran darussa duk na sami kiredit. Ganin haka sai na haƙura na bi yayana kasuwa, kuma alhamdu lillahi ban yi da-na-sani ba. To amma yanzu Turancin nan da na gudu na bari ya biyo ni har shago. Waɗanda muke sarin kaya a hannunsu a Legas da ƙasar Sin duk da Turanci suke turo saƙo ta WhatsApp. Karantawa ba ta ba ni wahala sosai, amma duk amsar da ta wuce layi biyu sai na leƙa shagon maƙwabcina na aro yaronsa ya rubuta mini, ke nan yaron ya san yadda nake saro kaya, ya san bashin da ake bi na, kuma duk wanda yake kasuwa ya san abin da hakan yake nufi. Bayan wannan, ina da niyyar in sake zama jarrabawar, domin har yanzu raina yana son karatun jami'a.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba wai ban taɓa karanta nahawun ba ne. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo sassan magana guda takwas ɗin nan da ma'anar kowane ɗaya, kamar yadda aka sa muka haddace su a firamare da bulala a kanmu, amma da zarar na ɗauki waya zan haɗa jimla sai komai ya watse. A ɓangaren Larabci kuwa na karanta Ajurumiyya, littafin nahawun Larabci, a zaure wajen malamin unguwarmu, kuma ta zauna mini, wanda hakan ya sa nake ganin kamar ba ƙwaƙwalwata ce ta ƙi nahawu ba.

Saboda haka ina roƙon masana su taimaka mini. Ta ina ya kamata baligi irina, wanda ba shi da fiye da awa guda a rana, ya faro? Shin sai na koma na sake bin littafin firamare daga bangon farko, ko kuwa akwai wurin da ya fi cancanta in fara zuba ƙarfina? Kuma wane littafi ne za ku ba ni shawara in nema? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Alli, Zariya, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Shekara 35 na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare kafin in ajiye alli, kuma ciwon da ka kwatanta na gan shi a jikin ɗaliban da ba zan iya ƙirgawa ba. Mu malamai muna da namu kason na laifi, domin mun ɗauki shekaru muna sa yara suna rera ma'anar suna da ta aikatau kamar waƙa, ba mu taɓa nuna musu cewa harshen da suka taso da shi a gida ma yana da nahawu ba, hasali ma tarar wanda ya yi Hausa a aji muke ci. Wanda ya iya kiran sunan almakashi da allura da keke bai zama tela ba tukuna.

Ajurumiyyar da ka karanta jari ce babba. A farkonta an raba maka magana gida uku, suna da fi'ili (wato aikatau) da harafi, kuma ka san fa'ili, mai aiki, ka san maf'uli, abin da aikin ya faɗa wa. Wannan kaɗai ya ɗauke maka rabin aikin. Wani abin farin cikin kuma shi ne, wajen jera kalmomi Turanci ya fi kusa da Hausa a kan Larabci. Balarabe yakan fara da fi'ili, amma Bahaushe da Bature duk mai aiki suke sa wa a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. "Audu ya sayi mota" da "Audu bought a car" hanya ɗaya suka bi. Saboda haka kada ka ɓata lokacinka a kan jerin kalmomi, kuma kada ka koma kan sassan magana takwas. Ka tafi kai tsaye wajen aikatau, domin a nan ne mafi yawan kurakuranmu suke kwana.

Ga dalili. Ka dubi waɗannan: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Kalmar "tafi" ba ta motsa ba, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce take gaya maka ko aikin ya wuce, ko yana nan tafe, ko kuwa abin da aka saba ne. Kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci a wannan gurbin, kafin aikatau. Bature kuwa, a lokutan da ya fi amfani da su, yakan bar wakilin suna yadda yake, ya je ya taɓa jikin aikatau ɗin kansa: "I go", "I went". To mu da ba mu saba duba wutsiyar aikatau ba, sai mu rubuta "yesterday I go", mu ga kamar tunda mun ambaci jiya magana ta ƙare. Haka kuma, saboda a Hausa ba ka cewa "Audu tafi" sai ka ce "Audu ya tafi", ɗalibi yakan ji kamar akwai giɓi, sai ya cike shi da "Audu he went". A Turanci in ka ambaci sunan mutum ba ka ƙara masa wakili.

Akwai kuma wani abu da ke taimaka wa wannan matsala, wanda yake daga baki. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su jeru a farko ko a ƙarshe ba tare da wasali ya raba su ba, shi ya sa da muka aro kalmomi muka mayar da su burodi da benci da firamare. Turanci kuwa a daidai wannan cunkoson baƙaƙen na ƙarshe yake ɓoye nahawunsa. Kalma irin "asked" ko "packed" tana ƙarewa da baƙaƙen da bakinmu yake so ya yar da na ƙarshensu, kuma wanda ake yarwar shi ne alamar cewa aikin ya wuce. Abin da baki ya saba haɗiyewa, hannu ma sai ya manta da shi. Shi ya sa nake son ka riƙa karatu a bayyane, kana fitar da ƙarshen kowace kalma, ko da yaran shago za su yi maka dariya.

Abin da za ka fara haddacewa shi ne siga uku ta kowane aikatau. Mafi yawansu masu biyayya ne, "ed" kawai ake liƙa musu. Amma akwai masu taurin kai kimanin 200 waɗanda kowanne yake da nasa hali, kuma abin haushi su ne aka fi amfani da su kullum. Kada yawan ya tsorata ka, domin waɗanda cinikinka yake buƙata ba su da yawa: "buy, bought, bought", "sell, sold, sold", "send, sent, sent", "pay, paid, paid", "bring, brought, brought", "take, took, taken", "give, gave, given". Ka rera su kamar yadda ka rera fa'ala yaf'alu a zaure, guda biyar a rana, amma kowanne sai ka sa shi a jimlar da ta shafi abin da ya faru a shagonka ranar. Haddar da ba a sa ta aiki ba ita ce ta kai ka ga D7.

Daga nan sai harafin "s", wanda ya fi kowane harafi cin makin ɗalibai. Idan ya hau kan suna, yana nufin abu ya fi ɗaya. Idan ya hau kan aikatau, yana nufin mai aikin guda ɗaya ne, kuma ba ni ba ne, ba kai ba ne. "The trader sells", "the traders sell". Nakan ce wa ɗalibaina su ɗauka "s" guda ɗaya ce tal a gidan, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura, in aikatau ya ɗauka suna ya haƙura. Dabarar ba ta game ko'ina ba, domin akwai sunaye irin "men" da "people" masu jam'i ba tare da ita ba, amma tana isar mai farawa.

Sai wuri na gaba, inda Hausa take da kalma ɗaya Turanci yana da biyu. "Kayan sun iso" yana iya zama "the goods have arrived", yana kuma iya zama "the goods arrived". Ka riƙe wannan ma'auni: muddin ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, kamar jiya ko bara ko makon da ya wuce, to "have" ba shi da wurin zama. Idan kuwa ba ka ambaci lokaci ba, labari kawai kake bayarwa cewa abin ya auku kuma tasirinsa yana nan, to a nan ne ake kiransa. Ka kuma lura da cewa muna cewa "na sani", "na gane", "na yarda" da sigar abin da ya wuce alhali halin da muke ciki yanzu muke nufi, saboda haka Turancinsu shi ne "I know", "I understand", "I agree". Kishiyar wannan ita ce "ina da". Saboda "ina" ɗin nan ita ce dai ta "ina tafiya", sai mutanenmu su ce "I am having two shops", alhali "I have" ne daidai.

Na bar "do" a ƙarshe da gangan. Bahaushe in zai yi tambaya murya yake ɗagawa, ko ya sa "shin" ko "ko", in zai kore magana kuma ya kewaye ta da "ba" biyu. Bature sai ya ɗauko ɗan dako, wato "do", ya ɗora masa kayan. Abin lura shi ne, da zarar ɗan dakon ya zo, shi ne yake ɗaukar lokaci, shi ne yake ɗaukar "s", aikatau kuma ya koma tsurarsa. Ana cewa "did you send", ba a cewa "did you sent". Ana cewa "he does not pay", ba a cewa "he does not pays". In ka duba da kyau, a wannan wuri Turanci ya dawo kan tsarin Hausa sak: ƙaramar kalma a gaba tana riƙe da lokaci, aikatau yana zaune bai motsa ba.

Ka ba wa waɗannan wata uku, awa gudan nan taka ta isa. Batun littafi kuwa, Brighter Grammar, mai ƙananan juzu'i huɗu, wanda yawancinmu muka taso da shi, har yanzu yana da amfani. Amma ga wanda yake karatu shi kaɗai na fi son Essential Grammar in Use na Raymond Murphy, domin bayani yana shafin hagu, aikin gwaji yana shafin dama, kuma akwai bugun da yake ɗauke da amsoshi a baya. Ka tabbata mai amsoshin ka saya, kuma ka ji tsoron Allah kada ka leƙa kafin ka gama.

Maman Hanifa, Katsina, ta amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, da a ce haka aka koya mana tun farko da ba mu sha wahalar da muka sha ba. Ɗan'uwa mai tambaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, ba malamar Turanci ba, amma ina so in ƙara wani abu a kan ƙananan kalmomi, domin su ne suka taɓa kusan jefa ni cikin masifa.

Lokacin da muke ɗalibai ana tura mu asibiti koyon aiki, wata rana da safe wani likita baƙo, wanda ba ya jin Hausa, ya tsaya a gaban gadon wani dattijo yana duba kati, sai ya juyo ya tambaye ni da Turanci, "Didn't you give him the injection?" Ni kuwa ban yi allurar ba, domin ba a kawo ta daga ɗakin magani ba. A Hausa in aka ce maka "ba ka yi masa allurar ba?" kuma ba ka yi ɗin ba, "e" za ka ce, ma'ana e, gaskiyarka, ban yi ba. Haka na buɗe baki na ce "yes". Likita ya gyaɗa kai ya wuce gado na gaba, a zuwan an yi. Allah ya sa babbar sistar da ke tare da mu Bahaushiya ce, ta lura babu sa hannu a katin, ta ja ni gefe ta tambaye ni da Hausa, sannan ta bi likitan ta gyara maganar. A ranar ta koya mini abin da ban taɓa mantawa ba: Bature ba ya amsa wa mai tambaya, abin da ya faru yake amsa wa. In ba a yi ba, "no" ne, ko ta wace fuska aka juyo tambayar. Kai da kake harkar kuɗi, ka yi tunanin ranar da za a rubuto maka "haven't you received the goods?" ka amsa da "yes" alhali ko ƙyalle ba ka gani ba. Tun daga ranar na daina amsawa da kalma ɗaya, sai in cika jimlar: "No, I have not."

Abu na biyu shi ne "a" da "the", waɗanda aka ce mana wai babu su a Hausa, kuma ni ban yarda da hakan gaba ɗaya ba. Idan na ce "na ga wani mutum, mutumin yana sanye da shadda", ai na yi abin da Bature yake yi: "wani mutum" shi ne "a man", wanda mai sauraro bai san shi ba tukuna, "mutumin" kuma shi ne "the man", wanda an riga an san da shi. Haka "mota" da "motar", "kuɗi" da "kuɗin". Inda muka rabu shi ne, mu muna iya barin suna tsirara mu ce "na sayi mota" ko "shi malami ne", amma a Turanci sunan abu guda da ake iya ƙirgawa ba ya fita haka, dole a ce "a car", a ce "a teacher". Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuwa kunne ne yake yin sa ba ido ba, shi ya sa ake cewa "an hour" amma a ce "a university".

Wannan ya kawo ni ga sunayen da Bature ya ƙi ƙirgawa. Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, saboda haka hannu yakan yi saurin ƙara "s" a kan "advice" da "information" da "furniture" da "luggage" da "equipment", kuma duk kuskure ne, ko da kuwa za ka ji manyan mutane suna faɗa a rediyo. Babu wata hikima da za ta gano maka su, sai dai ƙamus. Ka nemi ƙamus irin na masu koyo, za ka ga an sa harafin C a gefen sunan da ake ƙirgawa, an sa U a gefen wanda ba a ƙirgawa. Na yi shekaru ina amfani da ƙamus ban san abin da haruffan nan suke nufi ba.

Sai kuma kalmomin da Hausa ta haɗa a tukunya ɗaya. "Ara" tana aiki ta fuska biyu a wurinmu, na ari abu, ka ara mini abu, amma a Turanci mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa kuma "lend", saboda haka "borrow me" ba ta da gurbi. "Ji" ta fi kowacce faɗi, domin muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin wari, muna jin Turanci, kuma kowanne da kalmarsa daban a can. Haka majinyata sukan ce mini sun sha magani da kalmar shan ruwa, alhali ƙwayar magani "take" ake yi mata. A ƙarshe ka tuna cewa mota da riga da kasuwa duk mata ne a wurinmu, amma a Turanci "it" ne, kada "motar ta lalace" ta ja ka ka kira ta "she".

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaida Malam da Hajiya, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne, sai dai ina neman izini in ɗan saɓa a kan tsarin farawa. Mu a Nijar da Faransanci muka yi lakwal, wato makaranta, Turanci kuwa sai da muka shiga kwaleji aka fara koya mana shi a matsayin darasi. Na yi shekaru ina cin jarrabawarsa da maki mai kyau, na san dokokin nan da Malam ya lissafa, amma ranar da na fara tsallakowa Kano neman magani ga mahaifiyata, aka miƙo mini takarda in cike, aka kuma yi mini tambaya biyu, sai na tsaya kamar gunki. Doka tana gyara abin da yake cikin kai ne, in kuwa kan babu komai, ba ta da abin gyarawa. A ganina, cikin awa gudan nan ya kamata rabi ya tafi ga saurare da karatu, rabi ga nahawu, tun daga ranar farko, ba sai bayan wata uku ba.

Abin da ya taimake ni shi ne shirye-shiryen Turanci mai sauƙi na Muryar Amurka, waɗanda aka faro a 1959, inda ake karanta labarai a hankali da kalmomi kimanin 1,500 kawai. Nakan saurari labari guda sau uku, sannan in karanta rubutunsa, sannan in rufe in faɗe shi da bakina. Bayan 'yan watanni sai na ga "he goes" tana fito mini da kanta, kuma in wani ya ce "he go" sai in ji ta yi mini karo a kunne tun kafin in tuna dokar. Littattafan labarai na yara 'yan firamare ma suna yin wannan aiki, kuma babu abin kunya ga magidanci ya karanta su, in yana jin nauyi ya ce yaransa yake koya wa.

Gargaɗina ɗaya shi ne a kan inda kunnen zai sha. Saƙonnin da ake turo maka daga ƙasar Sin ba abin koyi ba ne, domin da yawansu su ma koyo suke yi, wasu kuma na'ura ce take fassara musu. Na Legas kuma sau da yawa Turancin buroka ne, ko gaurayensa da na makaranta. Ba raina buroka nake yi ba, harshe ne mai tsarinsa, kuma in ka lura tsarin nasa ya yi kama da namu: "I don go", "I dey go", "I go go", wato na tafi, ina tafiya, zan tafi, ƙaramar kalma a gaba, aikatau a zaune, daidai yadda Malam ya kwatanta Hausa. Wannan kamanceceniyar ce take sa ya yi wa Bahaushe sauƙin ɗauka a tasha da kasuwa, kuma ita ce take sa ya riƙa kutsowa cikin rubutun jarrabawa ba tare da mutum ya ankara ba. Ka yi ciniki da shi in ya kama, amma ka san cewa ɗaki biyu ne.

In kuma ƙarfafa maka gwiwa, wanda ya sha fama da Faransanci ya san cewa nahawun Turanci mai rangwame ne. A Faransanci kowane suna sai ka haddace ko namiji ne ko mace, kuma ba ya bin na Hausa. A Turanci babu wannan. Mu muna cewa farin yadi, farar shadda, fararen riguna, su kuwa "white" ce kawai ba ta sauyawa. Jam'i ma haka: Baturen da yake koyon Hausa sai ya haddace gida da gidaje, doki da dawaki, riga da riguna, ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa "s" za ka liƙa wa mafi yawan sunaye ka wuce.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Malam, Hajiya, da ɗan'uwana na Damagaram, ban san da bakin da zan gode muku ba, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Labarin allurar nan ya sa na koma na binciki tsofaffin saƙonnina, kuma na tarar na taɓa yin irin wannan amsar sau ɗaya, Allah ne kawai ya rufa asiri. Na aika a nemo mini littafin a Sabon Gari. Yau da safe kuma na yi ƙarfin hali na rubuta saƙo da kaina ba tare da na kira yaron nan ba, amma ban tura ba tukuna, na ce sai Malam ya duba. Ga shi: "Good morning sir. I have send the money yesterday but your agent he did not confirmed. Please give me informations about my loads." Abin da nake nufi shi ne na tura kuɗin jiya, amma har yanzu wakilinsu bai tabbatar mini da shigarsu ba, kuma ina son bayani a kan kayana.

Malam Mai Alli, Zariya, ya sake amsawa:

Madalla, ɗana. Duk wanda ya karanta saƙon nan zai gane abin da kake nufi, kuma jerin kalmominka daidai yake daga farko har ƙarshe. Kafin in taɓa shi, na karɓi gyaran ɗanmu na Damagaram, a raba awar gida biyu kamar yadda ya ce.

Yanzu mu bi shi a hankali. Ka rubuta "I have send". Da "have" za ta zauna, siga ta uku take buƙata, wato "sent", amma tunda ka ambaci jiya, ba za ta zauna ba sam, saboda haka "I sent the money yesterday". Sai "your agent he", inda "ya" ɗin Hausa ta biyo ka, a cire "he". Sai "did not confirmed", inda ka ɗora kaya ɗaya a kan mutum biyu, ga ɗan dako ya ɗauki lokaci ga aikatau ma ya ɗauka. Da "did not confirm" ka rubuta da nahawu ya tsaya, sai dai da ka fassara mana nufinka ka ce "har yanzu", kuma wannan kalmar tana nuna ƙofar ba ta rufe ba, kana nan kana jira. To a nan ne "have" ɗin da ka sa a wurin da ba nata ba take da gurbi: "has not confirmed it". Ka lura da "it" ɗin ƙarshe, domin Hausa tana yarda a bar abin da aka riga aka sani ba a ambata ba, amma a irin wannan jimla Turanci ya fi son a ambace shi. "Informations" kuwa Hajiya ta riga ta yi maganinta. Saura "loads". Kalmar "kaya" a wurinmu ta haɗa na sayarwa da na tafiya da na sawa da wanda ake ɗorawa a ka, amma na sayarwa "goods" ne, kuma ita kullum da "s" take tafiya, ana yi mata aikatau na jam'i.

Ga yadda zai tsaya: "Good morning, sir. I sent the money yesterday, but your agent has not confirmed it. Please give me information about my goods."

Tunda kana da niyyar jarrabawa, ka san cewa a lokacin da nake makin takardun WAEC, insha'i yana da maki 50, kuma 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, inda kowane kuskure na nahawu ko na rubutun kalma ko na alamar tsayawa yake cin rabin maki. Kuskure 20 ke nan sun share goman, a rubutun da ake son ya kai kalma 450. Saƙonka mai layi biyu yana da biyar ko shida, kuma kusan dukkansu daga aikatau da "s" suka fito.

Ka tura saƙon yadda muka gyara. Sannan daga yau zuwa Juma'a, kullum bayan ka rufe shago ka rubuta jimla biyar a kan cinikin ranar, biyu a kan abin da ka sayar, ɗaya a kan abin da ba ka sayar ba, ɗaya tambaya ce ga abokin ciniki, ɗaya kuma a kan abin da maƙwabcinka yake sayarwa kullum. Ka kawo su nan ranar Asabar da safe, zan duba in sha Allahu.